Ozell da Kuɗin Ranar Lahadi

A cocinmu na Dutsen Pisga da ke garin Quillan, in ka waiga ranar Lahadi ka hangi Ozell Tarver zaune a bencin baya, to ba sai ka tambaye shi yadda makon ya kasance ba. An tankaɗe su ke nan. Gasar golf, wasan da ake buga ƙwallo da sanda a jefa ta rami, kwana huɗu ake yin ta, Alhamis zuwa Lahadi, amma Juma'a da yamma sai a sallami rabin 'yan wasan su kama hanyar gida, ko sisi babu. Shi kuwa Ozell jakar sanduna yake ɗaukar wa ɗan wasa, a cikin abin da maigidansa ya ci ake yankar masa nasa. Saboda haka Lahadin da muka gan shi a coci aljihunsa a bushe yake, Lahadin da ba mu gan shi ba kuwa yana can wata jiha, yana bin bayan wani Bature da jaka a kafaɗa.

Maza ba sa raga masa a bakin ƙofa. "A'a, Ozell! Yau ma Ubangiji ne ya ci gasar?"

"Shi ya ci," in ji shi, yana gyara kwat. "Bugu ɗaya tak ya raba mu da kuɗi."

"To Allah ya maimaita mana, mu riƙa ganinka."

"Ba amin ba!"

Yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara wannan aiki, a filin masu kuɗi da ke bayan gonakin gyaɗa, a lokacin da baƙar fata zai yini yana ɗaukar jaka a filin nan amma bai isa ya buga ƙwallo ko ɗaya ba. Ubansa dattijon coci ne, a injin ɓarar gyaɗa yake aiki, kuma bai so abin ba sam. Amma da Ozell ya kai ashirin sai ya bi 'yan wasan da ke yawon gasa jiha-jiha, bai sake zama wuri ɗaya ba. Aure ɗaya ya yi, bai daɗe ba. Matar ta ce ita mutum ta aura, ba jaka ba. Yanzu shekarunsa sittin da ɗaya, dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa har sai tela ya cusa mata auduga kafin kwat ta zauna masa.

Kada ka ce dako ne kawai aikin, sai ya ɓata maka rai. Tun Talata yake tattake filin da ƙafa, yana ƙirga taku daga kowane itace zuwa kowane rami. Ya tsinki ciyawa ya watsa sama ya san inda iska ta dosa. In ɗan wasa ya tsaya yana zare ido, Ozell zai ce masa, "Yadi ɗari da arba'in da uku, iska daga hagu, ɗauki sanda ta takwas," sannan ya ja bakinsa ya yi shiru. Ƙirgar nan ta zame masa jiki, ko'ina ya taka yana yi. Ya san daga ƙofar coci zuwa kicin taku sittin da biyu ne, daga kicin zuwa kabarin mahaifiyarsa tamanin da takwas. A filin gasa kuwa farar falmaran ake saka masa, da suna rubuce ɓaro-ɓaro a baya, amma sunan ɗan wasan ne. Sunaye goma sha ɗaya ya goya a rayuwarsa, babu Tarver a ciki.

Tarver ɗin da garinmu ya sani ita ce yayarsa, Earline. Shekara talatin da ɗaya ta yi a gidan kula da tsofaffi tana yi musu wanka tana sake musu shimfiɗa, da ta yi ritaya kuma ta kama kicin ɗin coci. Kowace Laraba faranti hamsin da huɗu take zubawa a kai wa tsofaffin da ba sa iya yi wa kansu girki. Hannunta a buɗe yake, amma bakinta, Allah ya raba ka da shi. Duk wanda ya shigo kicin ɗin nan sai ya ci, har mashayin da ke kwana bayan gidan mai. Mutum ɗaya ne tak ba ta zuba wa abinci da hannunta, shi ne ƙanenta. In layi ya kawo kansa sai ta ajiye ludayi ta ce wa ta kusa da ita, "Sallami wannan," ta juya ta kama wani aikin. Shekara goma sha tara ana haka, muna gani, muna kawar da kai.

Kowa ya san mafarin abin. Da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali, Earline ta buga masa waya ranar Asabar ta ce ya taho. Maigidansa na lokacin bugu ɗaya ne tsakaninsa da na farko. Ozell ya ce, "Yaya, gobe da an gama zan hau jirgi." Tsohuwa ta cika ranar Lahadi da hantsi, ana kaɗa ƙararrawar sujada. Maigidan nasa na biyar ya zo. Da kuɗin da Ozell ya samu ya sayo dutsen kabari mai sheƙi, Earline ta ce a mayar da shi inda ya fito, uwarta ba za ta kwanta ƙarƙashin kuɗin Lahadi ba. Ta sa wani ɗan ƙarami da guminta. Tun daga nan babu abin da Ozell yake so a duniya kamar farantin nan daga hannun yayarsa, bai taɓa faɗa ba, amma a fuskarsa kake gani in layi ya zo kansa.

Sai ga watan Yunin bara. Wanda yake ɗaukar wa jaka shekara shida, Wade Kimbrell, mutum ne mai haƙuri da rashin sa'a, ya shiga gasa fiye da ɗari biyu bai taɓa cin ko ɗaya ba. Ran nan kuma abin ya faɗo masa, a ɗaya daga cikin gasannin da ake zuba kuɗi kamar ba a san ciwonsu ba. A rami na ƙarshe Wade ya so ya buga ƙwallon kai tsaye, Ozell ya tsuguna ya dubi kwanciyar ciyawa ya ce, "Taƙi biyu zuwa dama, kada ka yi mata ƙarfi." Ƙwallo ta gangara ta karkata ta faɗa. Dala miliyan huɗu! Ƙa'ida kuwa, in ɗan wasa ya ci gasa, kashi ɗaya cikin goma na mai jaka ne. Akwai kuma wata al'ada tasu: kofi na ɗan wasa ne, tutar rami na sha takwas, wato na ƙarshe, ta mai jaka ce. Ana can ana rungumar Wade, Ozell ya je ya kwance 'yar rawayar tutar daga sandarta, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Mu a nan Quillan ihu muka yi har karnuka suka ɗauka. Earline ta ce ita ba ta kalla ba, ba ta da lokacin shirme. Ƙarya take yi, Allah ya yafe mata. An ji talabijin ɗinta tun daga titi.

Da kuɗin suka shigo, Ozell ya zauna a bakin gadon otal da safe yana duban wayarsa. Ba murna ya ji ba, tsoro ne ya kama shi. Ya tuna ubansa da ya mutu da ƙurar gyaɗa a ƙirji bai taɓa riƙe dala dubu tasa ta kansa ba. Sai kuma ya tuna kicin. Tun farkon shekara 'yan duba-gari suka zo suka ga daɓen katakon ya ruɓe, bututun gas ya tsufa, suka ce in ba a gyara kafin ƙarshen Satumba ba za su rufe shi. Mata suna ta sayar da soyayyen kifi ran Asabar don tara kuɗin, amma a tafiyar da suke yi sai jikokinsu ne za su ga sabon kicin. Ozell ya miƙe tsaye a ɗakin nan shi kaɗai ya ce, "Shi ke nan! Allah ya kawo hanya."

Da Ozell ya dawo gida ya ce shi zai biya kuɗin gyaran kicin, Fasto Lavelle Grissom ya kusa faɗowa daga kujera. Mutumin kirki ne, amma yana son gini kamar me. Nan da nan ya jawo takarda ya fara zane: sabon kicin, ɗakin cin abinci, firiji mai ƙofa biyu. "Kuma a jikin bango, ɗan'uwa Ozell, daidai ƙofar shiga, za mu kafa allon tagulla. Zauren Ozell Tarver. Yara su taso su san akwai mai bayarwa a garin nan."

"Haba Fasto, ba sai an yi haka ba," in ji Ozell. Da baki ya faɗa. Da ya fito sai da ya tsaya a gaban bangon, ya ja da baya taku goma, ya auna da ido inda allon zai zauna. Ni ban ga laifinsa ba. Mutum ya yi shekara arba'in da sunan wani a gadon bayansa, a ce yau ga bango za a rubuta nasa, wa zai ce ransa bai biya ba?

Laraba ya shiga kicin da ƙarfin gwiwarsa. Earline na yanka ganye, gefe kuma Iya Idella, tsohuwar da ta girmi kowa a cocin, tana zaune tana ɓarar wake.

"Yaya, ina kwana. Fasto ya gaya miki?"

"Ya gaya min." Ba ta ɗago ba. "Wai Zauren Ozell Tarver. To a kawo kuɗin, a kafa allon. Ranar da aka kafa shi, ranar zan rataye rigar girkina a ƙusa, mai allo ya zo ya dafa."

"Yaya, ba sata na yi ba fa. Gumina ne."

"Guminka?" Ta ajiye wuƙa. "Zo nan in tambaye ka, tunda kai ne sarkin ƙirga. Na yi shekara talatin da ɗaya ina kwashe kashin iyayen mutane. Abin da aka ba ka a yini ɗaya, sai na haɗa albashina na shekara goma sha biyar. Shi kuma maigidan naka ya ninka ka sau goma, don ya jefa ƙwallo a rami. A rami, jama'a! Kai a ganinka daidai ne?"

Shi ma Ozell tambayar nan ta hana shi sakat tun a otal. "Ba daidai ba ne," ya ce. "Ni ban ce daidai ne ba. Amma ba ni na tsara duniya ba, Yaya. Sun zo hannuna. In ƙone su?"

"Kuma na ji maigidan naka a talabijin, wai ya gode wa Yesu da ya ba shi nasara."

"Af, ashe kin kalla."

"Rufe min baki! Sauran da suka faɗi fa, su ba su yi addu'a ba ne? Ko Yesu ya bar marasa lafiya a asibiti ya tafi tura wa Wade ƙwallo?"

"Wade mutumin kirki ne. Ya fitar da zakkarsa tun kafin kuɗin su kwana."

"Ya fitar da abin da ba zai ji zafinsa ba. Kai ma haka. Ka ba da rabi, gobe ka tashi kana mai kuɗi. Ka san Iya Idella nawa take sa wa a baiko? Dala biyu. Ka san me take fasa saye saboda dala biyun nan?"

"Ke Earline, fitar da ni a cikin rigimarku," in ji tsohuwa, ba ta daina ɓarar wakenta ba.

Ozell ya matso. Muryarsa ta yi ƙasa. "To me kike so in yi? Shekara goma sha tara. Duk Lahadin da na samu ina zuwa, ina zama a baya kamar baƙo. Me ya rage?"

Sai a lokacin ta dube shi. "Kana zuwa? Kai ba ka taɓa zuwa ba, Ozell. Koro ka ake yi. In sun tankaɗe ku Juma'a, ba ka da inda za ka, sai ka tuna da Allah da mu. Ragowar Lahadi kake kawo mana." Ta goge hannu a rigar girki. "Ran da Mama za ta tafi, sau uku tana tambayata kai. Sau uku ina ce mata kana hanya. Ta ce a buɗe labule ta ga shigowar motarka. Ka sa na yi wa uwata ƙarya a bakin mutuwarta, ranar Lahadi. Nawa ne kuɗin wannan? Faɗa min, in ji ko miliyan huɗun za su kai."

Bai taɓa jin wannan ba. Ba wanda ya taɓa ji. Ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya juya ya fita ta ƙofar baya, ya nufi maƙabarta. Ya daɗe a gaban ɗan ƙaramin dutsen nan, dogon mutum da karkatacciyar kafaɗa, yana kuka kamar yaro.

A kicin kuwa Iya Idella ta ture kwanon wake gefe. "Earline, kin gama? To saurara. Shekaruna tamanin da takwas, cikina bai san Lahadi ba, bai san Litinin ba, Laraba kawai ya sani. In aka rufe kicin ɗin nan saboda fushinki, ni da sauran hamsin da uku gidanki za mu tare, kuma kin san ni da ci. Fushinki naki ne, kin biya kuɗinsa, riƙe abinki. Amma ba da yunwarmu za ki riƙe shi ba."

Earline ta sake ɗaukar wuƙarta. Ganyen dai ya sha wuƙa ran nan.

Washegari Ozell ya koma wurin Fasto ya ce a fara aiki, amma maganar allo a bar ta.

"Haba ɗan'uwa, ai kowa ya riga ya san kai ne."

"Su sani. Su za su manta, bango ne ba ya mantuwa. Ka bar shi fari kawai."

Fasto ya nisa, ya soke allon daga zanensa, da ganin fuskarsa ka san ya fi Ozell jin ciwon abin. Aka kawo magina, aka fasa tsohon daɓe. Earline ba ta rataye rigarta ba. Ta kwashe tukwanenta ta koma girki a ƙarƙashin itatuwan bayan coci, a kan murhun gas. Amma da Ozell ya zo wata Lahadi a watan Yuli, bayan an tankaɗe su, layi ya kawo kansa, sai ta ajiye ludayi kamar kullum. Kuɗi sun shiga, kicin na tashi, faranti dai shiru.

Lahadin ƙarshe ta watan Agusta ita ce Lahadin Komawa Gida a cocinmu. Duk wanda aka haifa a Quillan, ko yana Detroit ko yana Houston, ranar yake dawowa. Asabar a share kaburbura, Lahadi a yi sujada, a kira gidaje ɗaya bayan ɗaya, 'yan kowane gida su taso tare su kai baikonsu gaba, sannan a fita a ci abinci a ƙarƙashin itatuwa. A bara kuwa ranar ta faɗo daidai da gasar rufe shekara, wadda mutum talatin kacal ake gayyata, waɗanda suka fi kowa. Wade bai taɓa shiga ba sai a wannan karon. Gasar nan ba a tankaɗe kowa a cikinta, kowa sai ya kai Lahadi, ko na ƙarshe ka zo ka tafi da abin da zai sayi gida.

Saura mako biyu Ozell ya sami Wade a filin atisaye, ya ajiye jaka ya ce, "Maigida, ka nemi wanda zai riƙe maka makon ƙarshe. Ina da inda za ni."

Wade ya zaci wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne sai fuskarsa ta yi ja. "Ozell, ka haukace? Shekara shida muna cin taliyar gwangwani a mota saboda wannan makon! Wa ya mutu?"

"An daɗe da mutuwar. Ni ne ban je ba."

"Ka san abin da za ka bari kuwa?"

"Na sani. Ai ni ne mai ƙirga."

Wade ya yi ta zagaye yana dukan ciyawa da sanda. Can ya dawo ya ce, "Littafinka na taku fa?" Ozell ya zaro ɗan littafin da ya rubuta nisan kowane rami na filin da za a yi gasar, ya miƙa masa. Wade ya karɓa, ya daɗe yana juya shi. "Jakar tana jiranka bayan nan. Ka sa ni a addu'a, tsoho, ko da yake na san yayarka ta ce Yesu ba ruwansa da ƙwallo."

Ranar Lahadin, da Ozell ya sauko daga motarsa da kwat ɗinsa mai auduga a kafaɗa, mazan bakin ƙofa suka buɗe baki za su fara tsiyar da suka saba. "A'a, Ozell! Yau ma Ubangiji ne ya..." Sai mai maganar ya tsaya. "Dakata. Ai wannan gasar ba a tankaɗe. Yanzu na ga Wade a waya, shi ne na biyu! Me kake yi a nan?"

"Coci na zo," in ji Ozell. "Ba nan ba ne?"

Kafin a gama waƙar farko labari ya zaga benci-benci. Earline na gaba cikin farar hularta, wata ta raɗa mata a kunne. Ba ta waiga ba. Amma da Fasto ya kira, "Gidan Tarver!" ta miƙe ta fito tsakiya, maimakon ta wuce gaba ita kaɗai yadda ta saba, sai ta tsaya tana gyaran jakarta, gyaran da ba ya ƙarewa. Ozell ya taso daga bencin baya. Suka taka tare har gaban teburi, ba wanda ya dubi wani.

Aka fito cin abinci. Tebura sun cika da soyayyiyar kaza, wake da shinkafa, kuɓewa, burodin masara, shayi mai ƙanƙara. Maza kuwa sun dunƙule a gindin wani itace, kai goma a kan waya ɗaya. "Ya kamo shi! Wade ya hau gaba!" Wani ya ƙwala masa kira, "Ozell, zo ka ga miliyoyinka a kafaɗar wani!" Ba zan yi maka ƙarya in ce bai ji ba. Ya ji sarai. Wayarsa na ta zuga a aljihu, ƙafarsa har ta ɗaga za ta nufi itacen. Daga baya Wade na biyu ya ƙare, kuma abin da mai riƙon jakar ya tafi da shi ya fi abin da Ozell ya samu a Yuni. Duk wannan Earline na kallonsa ta gefen ido, tana juya ƙatuwar tukunyar ganye da naman talotalo.

"Ozell!" Muryarta ta ratsa filin. Rabon da ta kira sunansa a gaban mutane har an manta. "Kai da ka ce ɗaukar kaya ne sana'arka, zo ka sauke min tukunyar nan. Ko sai an rubuta suna a bayanka?"

Ya zo da sauri. Tukunya na tafasa, hannayenta sun yi zafi jau, tsummokaran duk an tafi da su wajen kaza. Ya duba dama ya duba hagu. Sai ya sa hannu a aljihun kwat ya zaro 'yar rawayar tutar nan. Ya zo da ita ne da niyyar ya ajiye a kan kabarin mahaifiyarsa in mutane sun watse. Ya yage ta biyu, ya naɗe hannayen tukunyar, ya ɗaga.

Fasto Grissom ya dafe kai. "Wayyo, ɗan'uwa Ozell! Tutar ce fa! Ka san nawa masu tara irin waɗannan za su saye ta?"

"Matsa, Fasto, da zafi."

Ya kai ta har kan teburi ya dire, ko ɗigo bai zuba ba. Tutar ta babbake a gefe, ta sha romo, lamba sha takwas ɗin ta rabu, ɗaya a wannan hannu, takwas a wancan. Earline ta dubi tsumman, ta dubi ƙanenta. Ta karɓi ɓari ɗaya daga hannunsa, ta goge bakin tukunyar da shi, ta rataya a kafaɗarta kamar kowane tsumman kicin.

Sannan ta ɗauki faranti. Har mazan gindin itace suka ɗago. Ta zuba ganye, ta zuba wake, ta sa cinyar kaza. Ta kai wuƙa kan burodin masara ta wuce tsakiya, ta yanko kusurwar da ta ɗan ƙone, wadda tun suna yara yake kuka a kanta in an ba wani. Ta miƙa masa da hannunta.

"Laraba ƙarfe goma," ta ce. "Faranti hamsin da huɗu ne, kuma ba su da ƙafa. In kana gari, kai za ka kai."

"Ina gari, Yaya."

"To karɓi mana, hannuna ya gaji. Auta kawai, sai tsayi."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya nemi wuri kusa da Iya Idella ya zauna, faranti a cinya, ya kasa kai loma baki, hawaye na sauka a kan burodin. Tsohuwa ta leƙo ta dubi kusurwar nan mai ƙuna.

"In ba za ka ci ba, miƙo nan."

"Zan ci, Iya," in ji Ozell. "Wannan kam zan ci."